Tambaya da Amsa: Injina ya yi baƙi ƙirin, in wanke shi da maganin maiƙo kafin fahas?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, ina da Corolla ƙirar 2014 da nake kai yara makaranta, wani lokaci in leƙa Makka da ita. Na ɗaga bonet na tarar inji ya yi baƙi ƙirin, mai ya haɗu da ƙura ya daskare. Ga istimara, wato takardar rajistar mota, ta kusa ƙarewa, dole in je fahas, inda hukuma ke duba lafiyar mota. Wani abokina ya ce in kai ta magsala, wato wurin wankin mota, su fesa mata dizal su bi da ruwa mai ƙarfi. Wani kuma ya ce in sayi gwangwanin maganin maiƙo in fesa lokacin da inji ke da zafi, wai ya fi narkar da dauɗa. Wanne zan bi? Daga mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarwarin nan biyu duk ka ajiye su gefe. Ana wanke inji da maganin maiƙo lafiya lau, amma sai inji ya huce, maganin marar kaifi, ruwan kuma kaɗan, ba mai ƙarfi ba.

Kafin mu kai ga yadda ake yi, ka lura da abin da ka faɗa da bakinka. Ƙurar ƙasar nan ita kaɗai ba ta yin baƙi ta daskare. In ta sauka a busasshen inji, ja-ja take zama, tsumma ya share ta. Sai ta sami mai take mannewa. Ke nan injinka yana tsiyayar da baƙin mai daga wani wuri, kuma ya daɗe yana yi. Masu fahas suna leƙa ƙarƙashin mota, yoyon mai yana cikin abin da suke dubawa, shi ya sa mutane ke rugawa magsala ana gobe za su je. Wanki ba ya toshe yoyo. Amfaninsa a gare ka shi ne ya share wurin har ka ga daga ina man ke fitowa.

Mu fara da mai cewa a fesa inji na da zafi, don tasa ta fi haɗari. Injin da ya yi tafiya, ruwan lagiretonsa yana wajen digiri 90 zuwa 100, bakin salansa inda ya manne da inji kuwa yana kai ɗaruruwan digiri. Yawancin gwangwanayen feshin nan abin da ke ciki dangin kananzir ne, iskar da ke turo shi waje kuma sau da yawa irin ta gas ɗin girki ce. Duba jikin gwangwanin za ka ga hoton harshen wuta. Ka fesa wannan a kan ƙarfe mai zafi, tururi ya tashi ƙarƙashin bonet, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ko da wuta ba ta tashi ba, maganin bushewa zai yi nan take kafin ya ci maiƙon, ya bar maka tabo. In ka bi da ruwan sanyi a kan salansa mai zafi, ƙarfen na iya tsagewa. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar abokin naka: ɗumi yana sassauta maiƙo. Amma ɗumin da ake nufi shi ne wanda za ka ɗora tafin hannunka a kan inji ka bar shi ba ka ji komai ba. A Jidda da bazara, motar da ta kwana a ajiye ma ta riga ta kai wannan ɗumin, ba sai ka tayar da ita ba.

Sai dizal. Gaskiya yana narkar da maiƙo, ga araha, shi ya sa wasu masu magsala ke son sa. Matsalarsa roba. Tiyon lagireto da fambel na motocin zamani ana yin su da wata irin roba mai jure zafi sosai amma ba ta shiri da man fetur da danginsa: tana kumbura, ta yi laushi, ta mutu kafin lokacinta. Sannan dizal ba ya bushewa da wuri, yana barin santsi a jikin komai, iska ta farko da ta taso da ƙura sai ta manne. Inji ya yi ta ƙyalli ranar wanki, bayan ɗan lokaci ya koma gidan jiya, ga wari yana shigowa ta na'urar sanyaya mota. Kuma shi ma yana kama wuta in tartsatsi ya same shi, da zarar zafinsa ya haura digiri 50 da wani abu. Fetur kuwa kada ma ka kawo shi kusa. Tururinsa yana kamawa ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a nan.

To wanne za ka saya? In ka shiga shagon kayan mota ka ce muzil shuhum, wato maganin maiƙo da Larabci, iri biyu za a nuna maka. Akwai na gwangwani da na ambata, mai ƙarfi a kan tsohon giris da ya daskare. Akwai kuma na ruwa, a jarka ko kwalba mai bakin feshi, wanda ake sirkawa. Ni na biyun nake ba mai wanki da kansa shawara, sai dai shi ma akwai sharaɗi. Da yawa daga cikinsu, musamman masu arahar da ake zubawa a jarka ba suna, soda ce a ciki, irin wadda ake dafa sabulu da ita. Soda tana cin alminiyam, injin Corolla ɗinka kuma kusan duk jikinsa alminiyam ne. Za ka gane aikinta a injin da aka wanke da ita: ƙarfen da ya kamata ya yi haske ya koma toka-toka, da ɗigo-ɗigon fari kamar an yayyafa gari, kuma ba ya fita da gogewa. Saboda haka nemi wanda aka rubuta cewa bai cutar da alminiyam da roba. Wanda ba shi da takarda a jiki, bar musu kayansu. Maganin wanke murhu shi ma soda ce, ba na mota ba ne. Sirki kuma ka bi abin da aka rubuta. Galibi tsakanin kashi ɗaya na magani cikin huɗu na ruwa ne zuwa ɗaya cikin goma. Ka fara da mai ruwa-ruwa, in bai ci ba ka ƙara. Zuba shi tsantsa ba gwaninta ba ce.

Abin da ke kashe mota a wankin inji yawanci ba maganin ba ne, ruwan ne. Tiyon famfon gida ƙarfinsa bai wuce bar 3 ko 4 ba a ma'aunin ƙarfin ruwa, injin feshin magsala kuwa yana haura bar 100. Soket ɗin wayoyin mota an yi su ne su jure fantsamar ruwan sama, ba wannan ba. Ruwa mai ƙarfi yana ture robar bakin soket ya shige, ya kwanta a ciki, gishirin iskar teku ta Jidda ya taya shi aiki, sai bayan makonni fitilar inji ta kama a dashbod, kanikawa su yi ta canje-canje ba a san mafari ba. Littafin da Toyota ke bayarwa tare da motocinta ma ya gargaɗi mai mota kada ya watsa ruwa a ɗakin inji, saboda kayan lantarki. Don haka duk abin da zan faɗa a ƙasa, ka ɗauke shi a matsayin wankin burushi da tsumma, ruwa ɗan rakiya ne.

Ka zaɓi sassafe bayan Asuba, a inuwa, a fili mai iska. Ba cikin rufaffen gareji ba, ba kuma a bakin titi ba, don baladiyya, wato hukumar birni, tana cin tara a kan wankin mota a titi, ruwan baƙin mai kuma bai kamata ya gangara kwata ba. Shimfiɗa kwali ko faffaɗan faranti a ƙarƙashi ya tare abin da zai zubo, ko ka yi magana da mai magsala ya ba ka wuri ka tsaya a kansa a yi yadda kake so. Sa safar hannu ta roba da tabarau. Kashe mota, zare makulli, cire kan batir na ragi, wato baƙin, ka kauda shi gefe. Agogo da tashoshin rediyo za su iya gogewa, wannan ba komai ba ne.

Sai rufe-rufe, kuma a nan ne ba a gaggawa. Ɗauki leda da igiyar roba ka rufe altaneta, akwatin fis, ƙwaƙwalwar mota in tana ɗakin inji, bakin da iska ke shiga iyakilina, da batir. A saman injinka, in ka ɗaga murfin roba, za ka ga kwayil huɗu a jere, kowanne ya nutse cikin rami zuwa kan fulogi. Waɗannan ramuka su ne tarkon. Ruwa in ya shiga ba shi da hanyar fita, yana taruwa a gindin fulogi, wuta ta riƙa tsallakewa ta bi ruwan. Wajen nan kada ka kai masa ruwa sam; jiƙa tsumma da magani ka goge kewayensa da hannu.

Fara da busasshen burushi ka kakkaɓe ƙura da ganye. Inda maiƙo ya yi kauri, kankare shi da guntun roba ko katako, ba sukudireba ba. Daga nan ka fesa magani a inda yake da dauɗa kaɗai, wuri-wuri, kana kauce wa fambel. Ba shi minti 3 zuwa 5 kana gogawa da burushin fenti, lungunan kuma tsohon burushin haƙori ya fi shiga. Kada ka bari ya bushe. A zafin nan bushewa yake da sauri, shi ya sa ake yin gefe ɗaya a ɗauraye kafin a koma ɗayan. Ɗaurayar da kwalbar feshi ko tiyo mai zubowa a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Inda bai fita ba, sake zagaye na biyu. Hakan ya fi ƙara wa magani kaifi.

In ka gama, tsane ruwan da tsumma, in akwai iskar kwamfaresa ka busa soket-soket da lunguna daga ɗan nesa. Cire ledojin duka, ka ƙirga su yadda ka sa su, don ledar da aka manta a bakin iyakilina ko kusa da salansa fitina ce. Bar bonet a buɗe kamar awa ɗaya, mayar da kan batir, tayar da mota ta yi minti 10 zuwa 15. Ɗan tururi da ɗan kukan fambel na ɗan lokaci ba abin tsoro ba ne. Amma in inji yana rawa, fitilar inji tana ƙyaftawa, kashe shi. Alamar fulogi ɗaya ba ya ƙona mai ke nan, kuma tafiya a haka tana tura ɗanyen fetur cikin tukunyar tace hayaƙi ta salansa ta lalata ta, ita kuwa ba araha gare ta ba. A cire kwayil, a busar da ramin, yawanci shi ke nan.

Lafiyarka ma a kula. In magani ya fantsama a ido, wanke da ruwa mai gudana na minti 15 sannan ka nufi asibiti. Tsohon baƙin mai ba abin bari a fata ba ne, ka wanke da sabulu, kada ka wanke hannu da fetur yadda ake yi a wasu garejin. Kada ka haɗa maganin da bilic ko ruwan wanke banɗaki. Feshin wanke birki ba madadin maganin maiƙo ba ne, wasu irinsa in suka taɓa ƙarfe mai tsananin zafi ko wutar walda suna fitar da iska mai guba. Ragowar da ka sirka kada ka zuba a gorar ruwan sha, kai mai yara ne; in har yaro ya kurɓa, kada a sa shi amai, a kira motar asibiti a 997. Gwangwanin feshi kuma ba a barin sa a but: an rubuta a jikinsa kada ya wuce digiri 50, motar da ke rana a watan Yuli kuwa cikinta ya fi haka.

Wata magana a gefe, don na san za a tambaya: duk wannan na motar fetur ce zalla. Masu Camry haibirid, mai haɗa fetur da lantarki, da ire-irenta, in kun ga wayoyi masu ruwan lemo a ɗakin inji, wutar da ke cikinsu ta haura bolt 200. Ku tsaya a kan tsumma, ko ku kai wa wanda ya san su.

Yanzu ga inda wahalar taka za ta biya. Inji ya bushe tsaf, yi zirga-zirgarka ta kwana biyu ko uku, sannan ka ɗaga bonet da tocila. Mai gangarowa yake yi, iskar tafiya kuma tana kora shi baya, don haka kada ka tsaya inda ya taru. Bi sawunsa sama har wuri mafi tsayi da ya jiƙe. A mota mai shekarun taka, wurin farko da zan duba shi ne gasket ɗin murfin saman inji, don zafi yana busar da robarsa ta taurare. In ka zare kwayil ka ga mai a jikinsa, to shi ne. Bayan shi sai filtar mai da wanshar notin juye mai na ƙasa, waɗanda sau da yawa daga wurin juyen mai ake baro su a kwance ko a matse fiye da kima, sai oyilsil, wato zoben robar da ke tare mai, na gaban inji da na bayansa. In sawun ya ɓace maka, barbaɗa hodar jarirai a busasshen wurin da kake zargi, mai zai zana layinsa baƙi a kan farin. Launi ma yana taimakawa: baƙin mai ruwan ƙasa ne ko baƙi, man giya ja-ja, ruwan lagireto na Toyota ruwan hoda, yana barin ɓawon fari-fari in ya bushe. Motarka sitiyarin lantarki gare ta, don haka cire man sitiyari daga lissafi.

Ka yi wankin kamar mako guda kafin ranar fahas, ba ana gobe ba. Hakan zai ba ka sararin gano yoyon, ka shiga sina'iyya, unguwar kanikawa, ka nuna wa bakanike wurin da yatsa. In gasket ɗin murfi ne ko wansha, aikin yini ɗaya ne. In oyilsil na baya ne, sai an sauke giya, to ka tambayi kuɗin aiki a wuri biyu ko uku kafin ka ba da makulli.