Mai shan inna da ke son koyon mota

Ka tambaye ni wai wani bawan Allah da shan inna ta taɓa masa ƙafafu biyu ya zo yana son koyon tuƙi, ka karɓe shi ko ka ba shi haƙuri. Karɓe shi mana yarona. Ai hukuma ma ta san da zamansa, a lasin ɗin Najeriya akwai aji J na masu nakasa, ga kuma dokar hana nuna musu wariya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019.

Amma kar ka ɗora shi a manuwal ɗin nan tamu, da wace ƙafar zai taka kuloci? Atomatik za ka nema, a haɗa mata ƙarfen hannu a gefen sitiyari, in ya tura gaba birki ne, in ya jawo totur ne, kuma da dalili aka yi haka, don in mota ta ci birki jiki gaba yake tafiya, ka ga hannun sai ya ƙara danne birkin maimakon totur. A sa masa ɗan mariƙin nan na murza sitiyari a jikin sitiyarin tunda da hannu ɗaya zai murza. Don Allah ban da aikin mai walda na bakin titi, ban da sandar katako da wasu ke danna birki da ita, ranar da ta zame rai ne. Kai ma a tabbatar akwai birki a ɓangarenka.

Ranar farko ko kunna mota ba sai kun yi ba, ya koyi sauka daga kekensa ya shiga da kansa, a daidaita kujera, ya ɗaura bel, ya yi ta tura ƙarfen har hannu ya saba. Sannan fili, kuna cikin tafiya ka ce tsaya ba shiri, ka maimaita har ka gamsu. Inda suka fi shan wuya shi ne sigina a shataletale, hannu biyu duk suna aiki, to koya masa kunnawa tun daga nesa.

In kurma ne ku gama shirya alamu kafin mota ta motsa, kar ka sa shi kallon bakinka a kan titi. Mai farfaɗiya ko raunin ido kuwa sai da takardar likita.

Kuma ban da tausayin nan na a bar shi haka ya yi ƙoƙari. In bai iya ba bai iya ba, kar ka tura shi gwajin tuƙi wurin VIO, jami'an duba motoci. Ka kawo min motar ranar Asabar in duba ƙarfen kafin ya hau.