Borrow da lend: wa ya karɓa, wa ya bayar?

Wani ɗalibi daga unguwar Birni a Damagaram ya tambaya me ya sa malamin Ingilishi ya soke masa jimlar "borrow me your pen", alhali haka yake ji a bakin fataken da ke zirga-zirga zuwa Kano.

Ɗalibi, malaminka yana da gaskiya. Kalmomin biyu duka aikatau ne, amma kowanne da inda ya fuskanta. Mai karɓa shi ke yin borrow, kuma ana ambaton wanda aka karɓa daga hannunsa bayan from. Mai bayarwa shi ke yin lend, aikatau mai iya ɗaukar karɓau biyu a jere, mutum sannan kaya, don haka abin da ya kamata ka rubuta shi ne "lend me your pen". Borrow ba ya ɗaukar mutum a wannan gurbin, ko da yake bakin kasuwa ya saba tilasta masa.

Hausa ce ke jan Bahaushe ga wannan kuskuren, domin mu saiwa ɗaya muke amfani da ita, sai ƙarshen aikatau da karin sauti su raba ma'ana. Idan na ce na ari keke, ni na karɓa. Idan na ce na ara masa keke, ni na bayar. Faransancin da ka fara koya ya raba emprunter (karɓar aro) da prêter (ba da aro), sai dai duka biyun da kalmar à suke tafiya, saboda haka bai saba maka da from ba.

Akwai kuma inda Hausa ta fi Ingilishi tsantseni. Aro na abin da za a mayar da shi kansa ne, kamar tabarma ko riga, wanda shi ya sa aka ce kayan aro ba ya rufe katara, tun da mai shi zai zo ya karɓe. Rance kuwa na abin da ake kashewa ko cinyewa ne, a biya da madadinsa. Wanda ya karɓi jaka biyar a kasuwar Dole, ko tiyar hatsi wajen maƙwabci, ya ranta ne, kuma a ganina masu cewa "aron kuɗi" suna sassauta harshe. Ingilishi bai damu da wannan ba, borrow ɗaya ya ishe shi ga keke da kuɗi.

Wajen shuɗaɗɗen lokaci, borrow yana bin ƙa'ida ya koma borrowed, lend kuma ya koma lent, wanda ɗalibai kan manta a jarrabawa.