Tambayi Kawu: Dala, Sefa, Gwal da Masu Ninka Kuɗi a Waya

Wasiƙun wannan mako kusan duk na kuɗi ne, sai ka ce an haɗa baki. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani wasu.

Kawu, ina da shago a Kantin Kwari, kuma yawancin yadin da nake sayarwa daga China ake kawo shi. Me ya haɗa kayan China da dalar Amurka, har kullum ake ce mana dala ta tashi? Ko in mayar da jarina dala in ajiye? Ɗan kasuwa, Kano

Alhaji, zancen ya samo asali tun kafin a haife mu. A watan Yulin 1944, Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare ba, wakilan ƙasashe 44 suka taru a Bretton Woods ta Amurka don tsara yadda kuɗaɗen duniya za su yi hulɗa da juna. A wannan zama aka kafa Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Aka amince kowace ƙasa ta jingina kuɗinta da dala, ita kuma dala a jingina ta da zinariya, dala 35 kowace oza (awon zinariya, wajen giram 31). A Agustan 1971 Shugaba Nixon ya ce Amurka ta daina ba da zinariya a madadin dala. Tsarin ya rushe, amma sabo ya riga ya kama duniya. Da dala ake yi wa ɗanyen mai farashi, da ita ake biyan jirgin ruwa, kuma mai masana'anta a Guangzhou ya fi son kuɗin da kowa zai karɓa daga hannunsa gobe.

Mu kuwa dalarmu kusan duk daga mai take zuwa, ga shi kusan komai sai mun sayo daga waje. Har 1985 dala ba ta kai naira ɗaya ba a hukumance. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, aka fara gwanjon dala, naira ta kama gangara. A Yunin 2023 Babban Banki ya sake wa farashi mara, cikin 'yan kwanaki ya tashi daga wajen naira 460 ya haura 700.

Jarinka kuma ka bar shi a cikin sana'ar da ka iya. A Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a hannun 'yan canji, mutane suka yi ta rububi. Zuwa Afrilu ta sauko ƙasa da 1,200. Wanda ya saya a sama ya sayar a ƙasa don kuɗin haya ya taso, kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa ya tafi. Ka sayi dalar odarka ta gaba kaɗan-kaɗan, gwargwadon ciniki. Sannan ka riƙa sa farashi bisa abin da za ka biya ka sake ciko shago, ba bisa abin da ka biya wata uku da suka wuce ba. A nan ne da yawa daga cikinku jari ke narkewa suna zaton riba suke ci.

Kawu, na kai dala 100 Wapa an ce tsohuwa ce, an rage min kuɗi. Cuta ce? Malama, Fagge

Malama, a Amurka tsohuwa da sabuwa duk ɗaya ne, babu wadda aka soke. Amma mai shuɗin zare da ta fito a 2013 ta fi wuyar kwaikwayo, ita masu saye ke nema, shi ya sa 'yan canji ke karya tsohuwar. Ki zagaya shago biyu ko uku kafin ki saki. In kuma ke ce mai saye, ki shiga shagon da aka sani, ki ƙirga a gabansu, ki karkata takardar ki ga zaren yana motsi. Kada ki karɓi dala ta tagar mota don an rage miki naira ashirin.

Kawu, ina so in sayar da Adaidaita Sahuna in shiga foreks, wato cinikin canjin kuɗi ta intanet. Wani oga a Telegram yana ba da ribar kashi 30 cikin 100 duk wata, kuma na ga shaidar waɗanda aka biya. Matashi, Kaduna

Ɗana, zauna, da kai nake yau.

Ɗauki biro. Naira 100,000 da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata, in ba a taɓa ta ba, a shekara guda ta haura miliyan 2. A shekara uku ta haura biliyan 1. A shekara biyar ta haura biliyan 600. Mutumin da ya san wannan hanya, me zai yi da kuɗin kekenka? Me ya hana shi jan bakinsa ya shiru, ya ninka nasa, ya sayi Kaduna da abin da ke cikinta? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Shaidar da ka gani gaskiya ce, an biya su. Da kuɗin waɗanda suka shigo bayansu aka biya su, kuma da kuɗinka za a biya na gabanka. Dabarar ta tsufa. A 1920 Charles Ponzi ya yi ta a Boston. Bernard Madoff ya shekara da shekaru yana yi wa attajiran New York ita, har asirinsa ya tonu a 2008. MMM ta Sergei Mavrodi ta shigo Najeriya da wannan alkawari na kashi 30 a wata, a Disambar 2016 ta kulle asusun mutane. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi a kwana 30, a Afrilun 2025 ta kife da dukiyar jama'a. Duk lokacin da aka yi sai a yi kuka a rediyo, a yi rantsuwa, bayan shekara biyu a canza suna da launin manhaja, mu sake yin layi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba baƙo ke kawo ta gida ba. Yaya ne, ko abokin aiki, ko wata a zauren WhatsApp na 'yan uwa, domin an yi musu alkawarin la'ada a kan duk wanda suka jawo. Kuɗi ya tafi, zumunci ya bi shi.

To, mu ce ma ogan naka ba ɓarawo ba ne, da gaske cinikin canji yake koyarwa. Kasuwar tana nan, kuma babu wadda ta kai ta girma. Ƙididdigar bankin BIS da ke Basel ta 2022 ta nuna ana juya dala tiriliyan 7.5 a cikinta kowace rana, Landan ce cibiya mafi girma. Masu juyawar manyan bankuna ne, da kwamfutocin da ke saye da sayarwa kafin ƙiftawar ido. Da su za ka yi kokawa, da wayarka mai fasasshen gilashi da data ta naira 500.

Sannan dillalin manhajar zai ranta maka. Ka sa dala 100, ya ba ka damar ciniki da 10,000. Daɗin ji. Amma farashi ya goce da kashi 1 kacal cikin 100 ba ta inda ka zata ba, dala ɗarinka ta ƙare, an rufe. A 2018 hukumar da ke sa ido a kan kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi, har aka tilasta wa dillalai rubuta gargaɗin a jikin tallarsu. Turawa ke nan, masu wuta da intanet da ba sa ɗaukewa. Ogan da ke ɗaukar hoto a jikin motar da ba ka ga takardunta ba, abincinsa kuɗin darasi ne da la'adar da dillali ke ba shi a kanku. Ko kun ci ko kun faɗi, shi ya ci.

Akwai kuma ɓangaren addini. Canjin kuɗi da kuɗi sharaɗinsa hannu da hannu ne, ga rance a ciki, ga abin da ake cira in ciniki ya kwana. Ka je wurin malaminka ka faɗa masa yadda abin yake ɗalla-ɗalla. Kada ka ce masa "kasuwanci ne na zamani" don ka samo fatawar da kake so.

Kekenka yana kawo maka na cefane kullum da yamma. Kada ka sayar. In zuciyarka ta ƙi kwanciya, manhajojin suna da asusun gwaji na kuɗin wasa. Yi wata shida a can, ka rubuta duk ci da faɗuwa a littafi ba tare da ka yi wa kanka ƙarya ba, sannan ka sake rubuto min.

Kawu, ni ce uwar adashi a unguwarmu. Na zuba kuɗin mutane a wata manhaja don in samu ɗan abin da zan riƙe marayuna, yanzu ta rufe. Sun ce in biya kuɗin tantancewa a sako min nawa. Ba na barci. Wata uwa, Zariya

'Yar uwa, Allah Ya yaye miki, Ya raya marayun nan. Waɗanda suka fi ki boko da dukiya sun faɗa wannan rami, an gina shi ne don a faɗa. Amma ki ji ni da kyau: kada ki ƙara musu ko sisi. Kuɗin tantancewa cuta ce ta biyu, kuma bayanta za ki ga masu cewa su ƙwararru ne wajen ƙwato kuɗi, su ma a biya su tukuna. Ki adana rasit ɗin banki da saƙonni da lambobin asusun da kika tura wa, ki kai ƙara EFCC da SEC, hukumar da ke sa ido a kan harkar zuba jari. Ba zan yi miki romon baka ba, abin da ake dawowa da shi a irin wannan kaɗan ne, kuma yana daɗewa.

Abu mai wuyar shi ne 'yan adashin. Ki sami dattijuwa ko limamin unguwa, a tara su kafin ranar ɗauka, ki faɗa musu da bakinki, a rubuta yadda za ki riƙa biya. Za a yi faɗa, za a ce abin da za a ce. Ya fi sauƙi a kan su ji a bakin wani. Kuma kada ki ci bashin manhajar waya don ki toshe wannan.

Kawu, ina Maraɗi, ina saro kaya daga Kano. In ajiye kuɗina a sefa ko a naira? Elhadji, Maraɗi

A sefa, Elhadji. Tun 1999 an kafe ta a kan sefa 655.957 kowane yuro, don haka tana tafiya ne da kuɗin Turai, naira kuwa kasuwa ke juya ta. Ka canza iya abin da za ka saro da shi, ranar da za ka saro. Sai dai ka tuna kafewar hukunci ne na gwamnatoci, kuma an taɓa sauya shi. A Janairun 1994 aka zauna a Dakar, aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. Manyanku ba su manta ba. Wani kaso na dukiya ya zauna a kaya ko dabba ko fili.

Kawu, gwal zan saya in ajiye wa 'yata saboda aurenta, ko in bar kuɗin a banki? Hajiya, Sakkwato

Hajiya, tunaninki ya yi. Da dala ake yi wa zinariya farashi a kasuwar duniya, don haka in naira ta faɗi sarƙarki ba ta bin ta. Oza ta haura dala 2,000 a 2020, ta haura 3,000 a Maris ɗin 2025, ta haura 4,000 a Oktoban shekarar. Amma tana saukowa ma: daga wajen 1,900 a 2011 ta gangaro kusan 1,050 a ƙarshen 2015. Wanda buƙata ta kama a tsakani ya ji a jikinsa.

Inda aka fi cutar mata a wurin saye ne. Kuɗin ƙira da kika biya ba ya dawowa ranar sayarwa, duwatsun ado kuma a awon saye ana haɗa su, a awon sayarwa a cire su. Ki nemi awarwaro ko sarƙa mara tarkace, mai karat 21 ko 22. A rubuta miki giram da karat a rasit, ki kai wani shago dabam a sake aunawa a gwada. Hatimin da ke jiki ba hujja ba ne, masu jabu ma suna bugawa. Gwal ɗin da dillaliya ta kawo gida da araha, wai mai shi na cikin matsi, ki ce Allah Ya ba da kasuwa. Ki kuma tambayi malam zakkarsa, tunda na ajiya ne ba na kwalliya ba.

Kawu, ina gudun kuɗin ruwa. Sukuk fa? Malamin makaranta, Gombe

Malam, ba laifi. Sukuk takardar zuba jari ce da aka tsara bisa ƙa'idar Musulunci, haya ake biyan mai ita maimakon kuɗin ruwa. Ofishin kula da basussuka na tarayya ya fara fitar da shi a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana shiga da 10,000, ana biyan haya sau biyu a shekara. Ka saya ta banki ko dillalin da ke da rajista da SEC, ka duba sunansa a shafin hukumar da kanka. Sai dai ka auna ribar da tsadar kaya. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, duk ribar da ba ta kai haka ba rage asara kawai ta yi. Shekaru ake yi kafin uwar kuɗi ta dawo, don haka ban da kuɗin makarantar yara.

Kawu, nawa dala za ta kai bayan Sallah? Kuma me ya sa gwamnati ba za ta buga kuɗi da yawa ta raba mana ba? Ɗalibi, Bauchi

Ta farkon, da na sani da ba ka same ni a nan ina amsa wasiƙu ba. Ta biyun kuwa Zimbabuwe ta gwada. A farkon 2009 ta kai ga fitar da takarda guda ta dala tiriliyan 100 ta ƙasar, ba a rufa wata uku ba mutane suka watsar da kuɗin gaba ɗaya suka koma ciniki da dalar Amurka da rand na Afirka ta Kudu. Buga takarda ba ya ƙara buhun masara ko ɗaya a Dawanau. Ka koma aji, kuma ka gaida malaminku na tattalin arziki.