Tambaya da Amsa: Wane irin azumi ne maƙwabciyata ƴar Katolika take yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni Musulma ce, ina zaune a unguwar Yantala a nan Yamai, kuma shekara shida ke nan muna gida ɗaya da wata baiwar Allah ƴar ɗarikar Katolika, wadda ƴaƴana suke kira tanti. Ta ce mini tana azumin kwana arba'in, amma na ga ta sha ruwa da rana tsaka, sannan kowace Juma'a da la'asar sai ta tafi coci, ba ta dawowa sai bayan magariba. Kunya ta hana ni tambayarta. Shin azumi ne na gaske, kuma me suke yi a cocin? Ya dace in aika mata abin buɗa baki? Daga wata mai karatu, Yantala.

Amsa: Amin, wa alaikumus salam, Malama. Na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, domin ni ma a cikin wannan ɗarika na tashi, kuma na san cewa maƙwabta da yawa suna ganin abin da kika gani su yi shiru. Maƙwabciyarki gaskiya ta faɗa miki, sai dai ma'aunin azuminsu ya bambanta da na Ramadan.

Lokacin da take magana a kai shi ne wanda masu jin Faransanci suke kira Karem. Yana farawa ranar Larabar Toka, wato ranar da ake shafa wa masu ibada toka a goshi, ya kai mutum har makon da ake tunawa da mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, wato Ista. Daga wannan Laraba zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne, amma ba a lissafa Lahadi shida da ke ciki, shi ya sa ake cewa arba'in, adadin kwanakin da Linjila ta ce Yesu ya yi yana azumi a jeji. Ranar tana sauyawa kowace shekara saboda lissafin Ista yana bin wata. A 2025 Larabar Toka ta faɗo 5 ga Maris, a 2026 kuma 18 ga Fabrairu, kuma a shekarun biyu azumin ya fara kusan lokaci ɗaya da na Ramadan.

Abin da dokar coci ta wajabta kaɗan ne. Tun bayan gyaran da Paparoma Paul na Shida ya yi a 1966, ranakun azumi na dole biyu ne, Larabar Toka da Juma'a Mai Tsarki, wato Juma'ar da ke gab da Ista, inda a dokar yau wanda ya kai shekara 18 kuma bai shiga ta 60 ba zai ci cikakken abinci sau ɗaya tak, ya ɗan taɓa wani abu sau biyu idan ya buƙata. Shan ruwa ba ya karya shi. Ban da wannan, duk wanda ya kai shekara 14 yana barin nama a kowace Juma'a ta wannan lokaci, kuma an ɗauke wa mara lafiya nauyin azumin. Sauran kwanakin an bar wa kowa ya zaɓi abin da zai hana ransa: wani ya bar shayi da sukari, wani sigari, wani ya rage kallon talabijin. Na san iyaye mata da suke wuni ba ci ba sha har faɗuwar rana kamar maƙwabtansu Musulmi, amma wannan ƙari ne na ganin dama.

Wanda yake so ya ga nauyin wannan azumi, to ya leƙa farfajiyar coci. Ranar Larabar Toka ana karanta sura ta 6 ta Linjilar Matta, inda aka haɗa sadaka da addu'a da azumi, aka kuma yi gargaɗi kada a yi su don idon mutane. Daga nan jama'a su yi layi, fada, wato limamin coci, ya dangwali toka da babban yatsa ya zana alamar giciye a goshin kowa, yana tuna masa cewa shi turɓaya ne, kuma turɓaya zai koma. Tokar ta ganyen dabinon da aka riƙe a bikin Lahadin Dabino na bara ce, wanda mutane suka ajiye a ɗakunansu shekara guda, suka dawo da shi aka ƙona. Har yau ina tuna yadda take gangarowa da zufa a goshin mahaifiyata, ita kuwa ta ƙi gogewa har mu isa gida. Tun daga ranar fada yake sa riga mai launin shunayya, ana rage ado da furanni, kuma ba a sake rera Halleluya sai daren Ista.

Fitar da take yi ranar Juma'a kuwa, Hanyar Giciye take zuwa. A bangon kowace cocin Katolika akwai hotuna ko alamomi 14 da ke nuna matakan wahalar Yesu, tun daga yanke masa hukunci har zuwa sa shi a kabari. Ana bin su ɗaya bayan ɗaya, a tsaya a karanta, a durƙusa, a yi waƙa, a wuce gaba. Idan kika bi ta babbar cocin Notre-Dame du Perpétuel Secours a irin wannan yammaci na ƙarshen Maris, lokacin da zafin Yamai ya kan haura digiri 40, za ki tarar da babura jere a bakin ƙofa, ma'aikata da kayan aikinsu, da tsofaffi suna dafa benci kafin gwiwarsu ta kai ƙasa. Jama'ar kuma gauraye take: Gurmawa, Zabarmawa, Hausawa, da ƴan asalin Benin, Togo, Burkina Faso da Najeriya, shi ya sa waƙoƙin sukan zo cikin harsuna dabam-dabam.

A tsakiyar mako ma ba a zaune ake ba. Ƙananan ƙungiyoyin Kirista na unguwanni suna taruwa a tsakar gidan ɗaya daga cikinsu, su karanta Linjila, su tattauna wanda ya kwanta ciwo da wanda kuɗin haya ya gagara. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan azumin, domin kuɗin naman da ba a saya ba bai kamata ya koma aljihu ba. Ana tara shi, tare da hatsi da sabulu da tufafi, a kai wa marasa lafiya da fursunoni da zawarawa, kuma hukumar agaji ta cocin, CADEV-Niger, ba ta tambayar addinin mabuƙaci kafin ta taimaka masa. A wannan lokaci ne kuma ake dogon layin furta zunubi a gaban fada, kuma manyan da suka daɗe suna koyon addini suke shirin ƙarshe kafin a yi musu baftisma.

Makon ƙarshe ya fi kowane cika. Ana buɗe shi da Lahadin Dabino, ranar da ake riƙe ganyen dabino don tunawa da shigar Yesu birnin Ƙudus, sannan babban bishop na Yamai, Laurent Lompo, ɗan Nijar na farko da ya riƙe wannan muƙami, ya tara limaman cocinsa ya tsarkake man da za a yi amfani da shi shekara guda. Ranar Alhamis da dare fada yana ɗaura tawul ya wanke ƙafafun wasu daga cikin jama'a, ranar Juma'a a yi jimami, ranar Asabar da dare a hura wuta a waje a kunna babbar kyandir, a shiga da ita coci cikin duhu. Kada ki yi mamaki idan a wannan dare ta dawo gida bayan sha biyu.

Batun abin buɗa baki kuwa, ki aika, Malama, babu abin da ya hana ta karɓa. Ki dai kula da ranar Juma'a, kada ki sa nama ko kilishi a kwanon. Dambu da zogale, ƙosai da kunu, ko kifin kogin Isa duk za ta ci da farin ciki, domin kifi ba ya cikin abin da aka hana.