Ya Ɓoye Mini Aurensa na Farko, Yanzu Ya Ce Ya Tuba

Tambaya: Anti, saurayina ya ɓoye mini cewa ya taɓa aure har da ɗa, a bakin wata na ji. Ya ba ni haƙuri, ya ce ya tuba. Ana shirin sa rana. Yaya zan gane da gaske yake?
Wata baiwar Allah, Zariya

Amsa: Ƙanwata, auren ba laifi ba ne, ɓoyewar ce matsala. Malamai sun ce tuba na da sharuɗɗa: nadama, dainawa, ƙudurin ba za a koma ba, sai mayar da haƙƙi. Nadama da ƙuduri a zuciya suke, ba ki da hanyar leƙawa. Sauran biyun kuwa ido na gani.

Haƙƙinki a nan shi ne cikakken labari. Ki tambaye shi a zama ɗaya: me ya raba su, saki nawa ne, ta gama idda? Wannan na da muhimmanci, domin idan saki ɗaya ne ko biyu kuma tana cikin idda, zai iya mayar da ita ba sabon ɗaurin aure. Sai batun yaron: yana hannun wa, wa ke ciyar da shi?

Daga nan waliyyinki ya bincika a unguwarsu, har da ɓangaren matar, a gwada maganganun biyu. Inda aka fi yin kuskure shi ne a ɗauki hawaye a matsayin hujja. Idan labarin guntu-guntu yake fitowa, sai abin da aka kama shi da shi yake amsawa, to bai daina ba tukuna. Ki roƙi iyaye su jinkirta sa ranar kamar wata 3.