Filin Tambaya da Amsa: Shekara Biyu da Kafa Kamfani, In Ci Gaba ko In Haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni matashi ne mazaunin Sabon Gari a nan Damagaram. Bayan na kammala karatu a Jami'ar André Salifou, ni da wani abokina muka kafa ɗan ƙaramin kamfani, muna sayo kayan lambu daga manoman Mirya, mutane su yi oda ta WhatsApp, ƴan kabu-kabu su kai musu har gida. Kawuna ne ya ba mu jarin farko. A shekarar farko abin ya yi armashi, har muka ci wata gasa ta matasa masu sana'a, hotunanmu suka zaga Facebook. Yanzu kuwa sai mu yi wata guda muna ciniki ba ji ba gani, sannan mu yi wata biyu muna zaman kallon waya. Masu gidajen abinci sun riƙe mana kuɗi, abokina ya samu aiki a wata ƙungiyar agaji yana so ya janye, kawu ya fara tambayar kuɗinsa, mahaifiyata kuma kullum maganarta ita ce in je in nemi koyarwa ko da ta kwantiragi ce. Barci ma ya ƙaurace mini. Shin haka harkar take ga kowa, ko kuwa alama ce ta in rufe?

Daga wani mai karatu, Sabon Gari, Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Faɗi-tashin da kake ciki ba a kanka aka fara shi ba, kuma shi kaɗai bai isa ya zama dalilin rufe kamfani ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne, ka ba ni labarin gasa da hotuna da rashin barci, amma ba ka ambaci ko lamba ɗaya ba: nawa kuke samu a kan kowane kwando da kuka kai, nawa kuke kashewa a wata, nawa kuke bin mutane. Muddin ba ka san waɗannan ba, to zuciyarka ce take yi maka lissafi, ita kuwa ranar da aka yi ciniki sai ta ce ka zama attajiri, ranar da waya ta yi shiru ta ce ka tsiyace.

Bari in fara da gasar da kuka ci, domin ina zaton daga nan ne ma'auninka ya karkace. Alƙalan gasa suna ba da maki ne ga shiri mai kyau da iya bayani a gaban jama'a, alhali uwargidan da za ta sayi tumatir da albasa ba ta taɓa ganin takardun shirinku ba, abin da ta sani shi ne ko kaya sun iso kafin ta ɗora tukunya, kuma ko sun fi na Kasuwar Dole sauƙi. Haka nan labaran da matasanmu suke karantawa a intanet, irin na kamfanin Paystack na Legas wanda Stripe na Amurka ya saye a 2020 a kan fiye da dalar Amurka miliyan 200, gaskiya ne sun faru, sai dai sun faru ne a inda ake da masu zuba jari da za su ɗauki nauyin kamfani yana asara shekara da shekaru saboda suna hangen girman da zai yi. Ko a can ma ba kullum ake dacewa ba, tunda Jumia da duk dukiyar da aka zuba masa ya tattara ya bar Kamaru da Tanzaniya a 2019. Irin waɗannan masu jari ko a Yamai ƙidaya gare su, balle a garin da ke da nisan kusan kilomita 900 daga can. Kamfaninka ba shi da wanda zai ciyar da shi sai mai saye, saboda haka da kuɗin mai saye za ka auna lafiyarsa.

Wani ɓangare na wahalar daga waje yake zuwa, kuma ba laifinka ba ne. Duk wanda ya yi kasuwanci a garin nan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya ga yadda takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, masu firji suka yi ta zubar da kaya, har zuwa Fabrairun 2024 da aka ɗage takunkumin. Mu da kasuwarmu take kallon Kano, duk motsin da naira ta yi sai mun ji shi a jikinmu, tunda sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, naira kuwa an bar wa kasuwa ta riƙa yanka mata farashi tun Yunin 2023. Irin wannan ba wanda yake iya shirya masa tsaf. Amma yawancin abin da kake kira wata mai kyau da wata marar kyau, idan ka duba da kyau, kalanda ce kawai. Lokacin sanyi kayan lambu suna cika gari su yi araha, har mai saye ya ga ba shi da buƙatar a kawo masa. Da bazara zafi yakan haura digiri 40, latas da tumatir su yi laushi kafin azahar. Da damina manomi ya koma gonar gero. Da azumi kuma buƙata ta tashi, shi kuwa azumi kowace shekara yana matsowa da kimanin kwana 11. Tunda kun yi shekara biyu, kuna da abin da za ku kwatanta wata da wata. Wanda ya san cewa watanni kaza za su yi masa tsauri yakan ajiye wani abu daga ribar watannin albarka, ya kuma tanadi kayan da ba sa lalacewa, irin su kauɗar tumatir da busasshiyar kuɓewa da barkono da zogale, domin lambar wayar ta ci gaba da aiki ko da ɗanyen kaya sun yi wuya.

Sai lissafin da nake so ka zauna ka yi a makon nan, da biro da littafi, ba da ka ba. Ka ɗauki kwando guda da kuka kai wa mai saye, ka cire kuɗin da aka biya manomi, da kuɗin mota daga Mirya, da ladan ɗan kabu-kabu, da leda, da kason kayan da suka ruɓe, wanda shi ne matasa suka fi mantawa da shi. A ce misali abin da ya rage sefa 300 ne. Sannan ka haɗa abin da dole ku biya kowane wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba, wato haya da wuta da kuɗin intanet da albashinka kai kanka, wanda bai kamata ya gaza mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, sefa 42,000 tun farkon 2024. Idan jimillar ta kama jika 90, wato sefa 90,000, to sai kun kai kwando 300 a wata, wato goma a rana, kafin a ce kun mayar da abin da kuka kashe. Daga ranar da ka san wannan lambar, tambayarka ta sauya kama, domin ba za ka ƙara cewa yau na ji daɗi ko ban ji ba, sai dai ka ce yau mun kai bakwai, saura uku. Idan kuma ka tarar ba abin da yake ragewa a kan kwando, ko ma cikawa kuke yi daga aljihu, to ƙarin masu saye ƙarin asara ne, kuma gyaran farashi ya riga neman talla.

Maganar masu gidajen abinci ita ce nake jin ta fi cin ku. Manomi a hannu kuke biyansa, ɗan kabu-kabu ma ba ya tafiya sai an sallame shi, amma mai gidan abinci sai ya ce a dawo ƙarshen wata. Ma'anar wannan ita ce kuɗin kawunka ne yake juya tukunyar wani, ba tare da ya ba ku ko tamma ba a kan hakan. Kun zama kamar ɗan garuwan da garwarsa ta huje, yana ta zirga-zirga tsakanin famfo da gidaje, ga gajiya ga gumi, ruwan kuwa a hanya yake tsiyayewa. Ka sa wa kowane mai karɓar bashi iyaka, kada a kai masa sabon kaya sai ya biya na baya, wanda kuma yake biya nan take ko ya turo ta Nita ko Airtel Money kafin a kai, ka yi masa ɗan rangwame. Za ka rasa wasu daga cikinsu, kuma na san yadda kunya take hana yaro tambayar babba kuɗi a garin da kowa ya san gidan kowa, amma wanda ba ya biya rashinsa ba asara ba ce.

Game da kawunka, akwai tambayar da ya kamata a ce an amsa ta tun ranar da ya miƙa kuɗin: rance ya ba ku ko jari ya zuba? Idan rance ne, dole a mayar masa da shi cif, a yanka masa lokaci da adadin da zai riƙa karɓa. Idan kuwa ƙiradi ne, kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka bayyana shi, to yana da kason riba da aka yi yarjejeniya a kai, asarar dukiya kuma a kansa take faɗawa matuƙar ba sakaci ko ƙetare iyaka aka yi ba, kai kuma wahalarka ce ta tafi a banza. Ka ɗauki littafinka ka je ka same shi da kanka kafin ya aiko, ka buɗe masa komai, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sannan abin da kuka tsayar a rubuta shi a gaban shaidu biyu. Kada ka ji nauyin neman a rubuta don yana kawunka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Abokinka kuma kada ka riƙe shi a zuci, kowa da nauyin da ke kansa. Abin da ya wajaba shi ne ku rabu a rubuce: me ya zuba, me zai ɗauka, yaushe, kuma wa zai riƙe lambar wayar da masu saye suka sani, wadda a irin sana'arku ta fi babur da firji daraja. Idan har yanzu ba ku yi rajista ba, Maison de l'Entreprise da ke ƙarƙashin zauren ƴan kasuwa na ƙasa ita ce take haɗa wa mutum takardar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF, kuma dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda Nijar take cikin ƙasashe 17 da ke bin su, sun tanadi matsayi mai sauƙi ga ƙaramin ɗan kasuwa tun 2010. Da waɗannan takardu ne otal ko ƙungiya za ta yarda ta ba ka kwangilar kawo kaya.

Abu guda da zan hana ka kai tsaye shi ne cin bashi don cike rami. Iyakar ruwan da aka ƙayyade wa ƙananan cibiyoyin ba da rance a ƙasashen UEMOA, wato masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, a 2014 ya kai kashi 24 cikin ɗari a shekara, kuma ko an ajiye maganar hukuncin riba a addini, sana'ar da ba ta san abin da take samu a kan kwando ba ba za ta iya ɗaukar wannan ba. Tallafi irin na Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take ba matasan Afirka dalar Amurka 5,000 ba da sharaɗin mayarwa ba, ka nema idan an buɗe, amma kada ka sa shi cikin lissafin watan gobe.

Mahaifiyarka ba ƙin sana'arka take yi ba, ramewarka take gani. Abin da zai kwantar mata da hankali, kai ma ya kwantar maka, shi ne wa'adi. Ka ce mata ka ɗibi wata shida, waɗanda za su haɗa da lokacin ciniki da lokacin rashinsa, kuma ka faɗa mata lambar da kake so ka kai. Idan wa'adin ya cika kamfanin yana biyanka albashi, ka ci gaba da ƙarfinka. Idan bai kai ba, ka fara sallamar manoma da ƴan kabu-kabu, ka daidaita da kawu, ka karɓi alli ba tare da jin ka kunyata ba, ko ka rage harkar ta koma ta Asabar da Lahadi. Kafin nan ka sa wa karɓar oda lokaci, ka kashe wayar aiki bayan sallar isha'i, ka kuma riƙa zama da tsofaffin ƴan kasuwa, waɗanda karyewa da tashi ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Idan rashin barcin ya ɗore har ya taɓa cin abincinka, ka je ka ga likita.

TAMBAYA: Baba Malam, ina gaisuwa. Ina yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da garin kunu, ina ƙullawa da suna da lambar waya a jiki, kuma ana saye sosai har daga Agadas. Amma duk ƙarshen wata sai in ga jarin ya ragu, saboda cefane da biki da ƴan uwa duk daga ciki ake ɗiba. Ya zan yi ba tare da an ce na yi rowa ba?

Daga wata uwargida, unguwar Birni

AMSA: Ƴata, Allah ya ƙara buɗi. Ki yanka wa kanki albashi daga sana'ar, ko na mako ko na wata, ki ɗauke shi a rana guda sananniya, kuma daga cikinsa ne za a yi gudunmawar biki da taimakon dangi. Idan ya ƙare, gaskiya kika faɗa in kin ce babu, domin sauran kuɗin gyaɗa ne. Kada kuɗin jari su kwana a ɗakin da kike kwana. Ki zuba su a asusun waya na daban, ko ki shiga ƙungiyar adashi irin ta Mata Masu Dubara, wadda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, ko kuma, wanda ya fi duka, ki mayar da su buhunan gyaɗa da kaka lokacin da take araha, tunda ba a cika roƙon mutum buhu yadda ake roƙonsa jika biyu ba. Maigida kuwa ki nuna masa littafin tun yanzu, ku tsayar da abin da sana'ar za ta riƙa sawa a cefane, in ya so duk abin da aka ɗiba bayan wannan a rubuta shi a matsayin rance da ranar biyansa.