Bashin Mai Kanti ko Sabuwar Talabijin?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. A Jidda nake zaune. Na kwashi adashi, riyal 1,500. Mai kantin unguwarmu yana bin mu 1,100 na shinkafa, mai da madara, wata huɗu ke nan. Ga talabijin ɗinmu ta mutu, yara kullum suna gidan maƙwabta kallo. Wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Zancen yaran nan ya taɓa ni ƙwarai, ni ma uwa ce. Amma mai kanti za ki fara sallama. Wata huɗu bawan Allahn nan yana buɗe littafi yana rubuta sunanki, bai hana ki ko gwangwanin madara ba. Ranar da ya hango ana shiga da kwalin talabijin gidanki, da wane ido za ki dube shi? Hadisi ya tabbata cewa mai hali ya ja wa mai binsa rai zalunci ne, kuma yau kina da hali.

Sabuwa ma akwai harajin kashi 15 cikin 100 a kanta. Da ragowar 400 ɗin, kai tsohuwar wurin mai gyara tukuna. In ta ƙi tashi, ki nemi ta hannu, a kunna miki ita a gabanki kafin ki biya.